Fatu da Sunan Ɗan Fari

Azare,
14 ga Afrilu, 2002.

Zuwa ga Yaya Rahila,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Yohanna da yara duka. Yaya ƙafar taki, kumburin ya saɓe? Mu nan lafiya lau, in ban da zafin Azare da ya kori kowa daga ɗaki.

Kin tambaye ni ko har yanzu ni ce nake koya wa yara katikisim a coci. Ni ce mana, wa zai karɓe ni? Bana ajin masu shirin karɓar Jibin Ubangiji karo na farko ya cika maƙil. Yawancinsu 'ya'yan 'yan kasuwa ne mutanen kudu, sai na ma'aikata irinmu ƙalilan.

An kawo mana sabon Fada, Fada Clement, shi ma mutumin kudu ne, matashi mai jini a jika. Hausarsa ta littafi ce, amma yana ƙoƙari. Da zuwansa ya ce karatun Asabar kaɗai bai wadatar ba, dole iyaye su sa hannu. Kowa ya koya wa ɗansa addu'o'i a gida, ya kuma riƙa leƙo ajin. Sannan ranar Lahadin ƙarshe ta watan Mayu za a yi gabatarwa: uwa ko uba ya miƙe a gaban jama'a, ya kira sunan ɗansa da ƙarfi, yaron ya amsa ya je wurinsa, ya yi masa alamar gicciye a goshi, ya miƙa shi ga Fada. Yaron da ba a gabatar ba, ba zai karɓi Jibi bana ba. Ban ga laifin tsarin ba, don na gaji da iyayen da suke jibge mini yara kamar kayan wanki su yi gaba.

Wasu har sun wuce gona da iri. Akwai Chioma mai shagon atamfa a kasuwa, ba ta fashin zuwa, kuma in na yi tambaya ita ce take fara amsawa kafin 'ya'yan nata.

Matsalar ɗaya ce, sunanta Fatu. Bahaushiya ce tun asali, mutuniyar wani ƙauye ta wajen Kano, iyayenta ne suka shiga Katolika. Mijinta direba ne, ya rasu bara waccan, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take riƙe gidan. Ɗanta Filibus yana ajina. Shi ne ɗan farinta, kuma sunan surukinta ya ci. Kin san yadda Hausawa suke da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a sake masa fuska a gaban mutane. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, sai da tsohuwar ta rasu aka dawo da shi. Ƙauyen ba katikis mai koyar da yara, shi ya sa ya girmi duk 'yan ajin, yana zaune a bayansu kamar yayansu.

Fatu takan rako shi, amma iyakarta gindin dalbejiyar bakin ƙofa. In na tambaye ta yadda yake karatu a gida, sai ta dubi gefe ta ce ita ba ta san abin da yaron nan yake yi ba. Fada ya ji wannan amsa da kunnensa, ya sha kunu, ya ce mini bai taɓa ganin uwa mai sakaci haka ba. Na bari sai ya huce.

Ki gaishe mini da Inna in kin je gida. Zan aiko da barkonon da kika ce ta hannun direban da ya kawo miki wannan.

Taki ƙanwa,
Filomina.

Azare,
12 ga Mayu, 2002.

Yaya Rahila,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na samu wasiƙarki, na kuma ji daɗi da kika ce kin fara taka ƙafar. Ki dai bi a hankali, na san halinki da ɗaukar aiki.

Kin ce in je in ga Fatu a gida maimakon in tsaya ina kallo. To, na je, ba don kin fi ni dabara ba, dama ina da niyya. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, yaron da aka ce ba a koya masa komai a gida shi ne ya fi kowa iya addu'o'in. Ko 'ya'yan Chioma ba su kama ƙafarsa ba.

Haya take yi a gidan wata dattijuwa, Hajiya Ya Gana, can bayan tasha. Da la'asar na isa. Tun daga zaure nake jiyo muryar Fatu tana jan dokoki goma ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi kamar mai talla. Na leƙa, sai na gan ta tana matsar tunkuza, ta zaunar da ƙaramar 'yarta Talatu a gabanta, wai ita take koya wa. Talatu fa shekararta uku, hankalinta na kan ƙuli-ƙulin da ke hannunta. Filibus kuwa yana can bayan uwar, ya juya baya yana ɓarar gyaɗa, bakinsa na motsi. In ya yi kuskure sai ta daka wa Talatu tsawa ta ce ba haka ba ne, ta maimaita wurin. Na tsaya a zauren na jima kafin in yi sallama, don gaskiya abin ya taɓa ni.

Na yi mata maganar gabatarwa. Ta ce komai za ta yi, ko sharar coci ce ta shekara, amma ta miƙe a gaban maza da mata ta kama sunan nan, bakinta ba zai iya ba. Ta ce akwai 'yan garinsu a cocin, kafin mako labari ya kai ƙauye cewa ta zubar da kunya a birni. Hajiya Ya Gana tana jin mu daga ƙofar ɗakinta, ta sa baki ta ce ita ma nata ɗan farin ya yi furfura ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma bai ragu da komai ba. Ta ce in gaya wa limamin namu ya riƙa tambayar manya kafin ya kafa doka.

Na gaya masa, amma ba da kalmomin Hajiya ba. Ya saurare ni tsaf, ya ce ya janye maganar sakaci, har ya ji kunya. Amma kan dokar ya kafe. Hujjarsa ita ce in ya ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, gobe kowa zai kawo al'adar garinsu. Ya kuma ce yaron da ya rasa uba, ya rasa kakar da ta raine shi, yana da haƙƙin ya ji wani ya tsaya a gaban mutane ya ce wannan nawa ne. Chioma ta ce ita za ta tsaya wa Filibus, ni ma na ce zan tsaya. Fada ya ce da maraya ne gaba da baya da ya yarda, amma uwarsa tana raye.

Na koma na gaya wa Fatu. Ta ce to yaron nan ya jira, Fada ai ba ya dawwama a gari ɗaya. Yaron yana wurin, ya ji. Asabar ɗin da ta biyo baya ya zo aji kamar kullum, ya amsa tambayoyinsa daidai, amma da tela ya zo gwada yara farar riga sai ya koma gefe, ya ce kada a ɓata yadi. Ni dai na sa an gwada shi.

Haka ake ciki. Ban ba kowa gaskiya duka ba, ban kuma ga wanda zan yi wa faɗa ba. Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutan gidan.

Ƙanwarki,
Filomina.

Azare,
2 ga Yuni, 2002.

Yaya Rahila,

Ina gaishe ku da kyau, da fatan damina ta sauka muku lafiya. Mu ma mun samu ruwan farko, gari ya yi sanyi, masu gona sun fita shuka.

An yi gabatarwa ranar Lahadin da ta wuce. Yara suka zauna a bencin gaba, ni ina gefensu, iyaye suna baya. Aka fara kira. Chioma ta kwaɗa sunayen nata har sai da aka yi dariya. Wani mai gyaran rediyo ya rikice ya kira sunan ƙanen yaron, matarsa ta gyara masa daga inda take. Haka aka bi layi har benci ya zama ba kowa sai Filibus. Na ga Fatu ta zo, tana can ƙarshen layin mata ta ja gyale har goshi, amma ban sa rai da komai ba. Shi ma bai sa ba, ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafarsa.

Fada ya tsaya yana jira. Coci ya yi tsit. Na fara tattara littattafaina ke nan sai na ga Fatu ta miƙe, ta dafa bencin gabanta. Ta faɗi sunan a hankali, da ƙyar na ji. Yaron bai motsa ba. Ta sake faɗa da ɗan ƙarfi. Sai ya ɗago ya dube ni, yana zaton ni ce. Na girgiza kai. Ya dubi Chioma, ya dubi sauran matan ɗaya-ɗaya, ya tsallake uwarsa da take tsaye, don ko a ransa bai kawo ita ba ce. Sai da ta kira na uku sannan ya gane. Ya manta ma ana amsawa, ya tashi kawai ya tafi wurinta. Ta yi masa alamar gicciye a goshi fuskarta na kallon bango, ta tura shi gaba da yatsa biyu. Fada ya karɓe shi, ya rasa Hausar da zai yi, ya dafa kansa kawai.

Ba ta jira an tashi ba, ta fice ta ƙofar baya. Matan garinsu biyu na gan su sun haɗa kai suna ƙus-ƙus. Ranar Alhamis ba ta zo taron zumuntar mata ba, yau ma da aka ba yaran Jibi daga waje ta tsaya, ta taga take kallo. Ban sani ba ko alheri muka yi mata ko akasinsa, kuma na daina ƙoƙarin yanke hukunci.

Da aka tashi yau Filibus ya same ni ina kulle ajin, yana cikin farar rigarsa da ta ɗan yi masa gajarta. Ya ce tun ranar nan uwarsa ta koma kiransa yaron nan, kamar ba a yi komai ba. Ya tambaye ni ko ina ganin za ta sake kiran sunansa wata rana. Ban iya yi wa yaro ƙarya ba, na ce ba na tsammani. Sai ya ce ba komai, ai ya riga ya ji.

Ki gaida Baban Yohanna da yara, ki kuma kula da ƙafar nan. Allah ya bar mu tare.

Ni ce taki,
Filomina.