Farata Bakwai da Ban Binne Ba

Inna,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kina cikin rahama da yalwar makwanci. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Ko da kina raye ma ni zan karanta miki ita, kina katse ni kina cewa in rage sauri. Yau wata huɗu da kwana tara da rasuwarki, kuma akwai maganar da na kasa faɗa miki ido da ido.

Bari in fara da labarin gida. Sakamakonmu ya fito, na ci, yanzu kiran bautar ƙasa nake jira. Baba yana nan lafiya, sai dai ya rage hira. Jar saniyarki ta haihu, mace. Goggo Dije ce ke tatsa yanzu, kuma kullum sai sun yi rigima kafin ta sakar mata nono. Goggo ta ce halinki ta ɗauko. An cire gyaɗar bayan gida, ta yi kyau.

Maganar faratanki ce, Inna.

Kin tuna lokacin da muka bar Farin Dutse muka zauna gidan Kawu a Birnin Kudu, don mu riƙa samun motar Kano da sauƙi duk ranar karɓar kemo, maganin ciwon daji? Da gashinki ya zube sai kika ɗaura kallabi kika ci gaba da harkarki. Farce ne ya karya miki zuciya. Bayan zuwa na uku faratan suka fara duhu, sai layuka suka fito a kwance a kansu. Na ƙirga, na ga kowane layi ya yi daidai da zuwa ɗaya asibiti, na zo da murnata na gaya miki. Kika ce wa matar Kawu ta zo ta ga abin da shekara huɗu a jami'a ta haifar, wai an koya wa Kulu ƙirga layin farce.

Daga nan suka fara ɗagowa daga nama. Ɗaurin zani ya gagare ki. Ɓare gyaɗa ya gagare ki. Ranar da na miƙo miki cokali don cin tuwo, kin daɗe kina kallonsa, sannan kika ce a juya miki baya tukuna. Ni kuwa na riƙe abin da ma'aikaciyar jinya ta ce kamar karatun jarrabawa: a rage tsawonsu, ban da reza, ban da ɓamɓara, ban da wanki da wanke-wanke. Bayan kowace alwala in tsane miki yatsu ɗaya bayan ɗaya, in shafa man kaɗanya a gefe. Sau biyu kika roƙe ni a sa miki lalle don ya rufe baƙin, na hana, na ce dole a riƙa ganin launinsu ko da ƙwayar cuta ta shiga. Har yau ina ganin ban yi kuskure ba a nan. Amma me ya hana ni sa miki a tafin hannu kawai? Ban yi wannan tunanin ba sai da kika tafi.

Na farko da ya fita na babban yatsan dama ne, wata safiya kina naɗe sallaya. Kika naɗe shi a ƙyalle kika ba ni, kika ce in je in binne, kamar yadda kika saba tun muna yara, don abin da ya fito daga jikin mutum ba ya kwana a bola. Na ce to. Da kika tambaye ni, na ce na binne a bayan ɗaki.

Ban binne ba, Inna. Na saka shi a wata kwalbar magani da ta ƙare, na rubuta yatsan da ya fito da zuwa na nawa ne a 'yar takarda na liƙa masa. Na ɗauka likita zai so gani. Da suka kai huɗu, na faki lokacin da aka shiga da ke ɗaukar jini, na nuna masa. Ya duba, ya ce mini cikin sauƙin kai ba ya bukatarsu, wannan sanannen abu ne ga irin maganin da ake ba ki, kuma yawanci suna sake fitowa. Ya ce abin da zan sa wa ido shi ne kumburi, mugunya ko zazzaɓi.

To daga ranar ba ni da sauran hujja. Amma uku suka ƙara fita, ɗaya a hannu, biyu a manyan yatsun ƙafa, kuma duk a kwalbar suka shiga. Sau bakwai kika tambaye ni, sau bakwai na yi miki ƙarya. Kin san dalili? Sau ɗaya na fita da ƙyallen har na tona ƙasa da tsinke. Da na ga ramin sai na fasa. Gani na yi in na rufe shi, na fara binne ki ke nan, kaɗan-kaɗan, da hannuna. Na mayar da ƙasar ba komai a ciki.

Bayan an gama kemo mun koma gida, sababbi suka fara fitowa, sirara, masu gargada. Duk Juma'a nake auna su da rula kina dariya. Na babban yatsan ya wuce rabi ranar da kika fara tatsa da kanki, kika dawo da ƙwarya kina nuna wa kowa. A lokacin ya kamata in gaya miki. Na ce bari su gama fitowa, mu yi abin dariya. Sai ciwon ya dawo, kuma bai ba mu lokaci ba.

Tun ranar da aka kai ki kwalbar ke hana ni sakewa. An rufe ki, ga wani ɓangare naki a akwatina, a ƙarƙashin takardun makaranta. Kin tafi kina zaton na cika miki abin da kika sa ni. Ko kin gane, kika ƙyale ni? Wani lokaci in na ce na binne, kina ɗan jima kina kallona.

Makon jiya na fito da ita na nuna wa Goggo. Ta yi salati, ta ce karatu ya yi mini yawa, sannan ta zauna ta yi kuka. Ta ce ba sai gari ya ji ba. Muka je wurin Malama ta Islamiyyar matan aure, na tambaya ko sai an kai su kabarinki. Ta ce a'a, ba a taɓa kabari don wannan, ko'ina mai tsabta ya isa. Ta ce babu komai a kanki, ƙaryar kuwa tawa ce, in nemi gafarar Allah, in yawaita yi miki addu'a.

Yau da hantsi na je bayan ɗakinki, gindin zogale. Na tona rami mai zurfin taƙi ɗaya. Na ɓare takardun da na liƙa, na ƙirga faratan su bakwai, na naɗe a sabon farin ƙyalle. Wannan karon na yi bismillah na rufe, na danne da dutse saboda kaji.

Na binne, Inna. Ki yafe mini jinkirin, ki yafe mini ƙaryar.

Allah ya jiƙan ki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Sai mun zo.

'Yarki mai ƙirga,
Kulu