Tela da Gwangwanin Hayaƙi

Litinin, 4 ga Mayu

An yi wa maigidana Malam aikin ido, an cire yanar da ta rufe masa na hagu. Alhamdu lillahi. Mun dawo gida da filasta a fuskarsa kamar tagar da aka liƙe da kwali. Likita ya kafa masa doka a gabana, don ya ga alamar mutumin ba ya jin magana: ba ƙura, ba sunkuyawa, ba hayaƙi, sai ya sake duba shi a ƙarshen wata. Ya ce in hayaƙi ko datti ya shiga, aikin na iya lalacewa, ɗaya idon kuwa da ma ba wani abin kirki yake gani ba.

Da aka ambaci hayaƙi sai Malam ya juyo ya dube ni da idon da ya rage. Na san abin da ke ransa, akwatunan zumarsa ne da ke can ƙarshen lambu. Na yi kamar ina neman wani abu a jaka.

Laraba, 6 ga Mayu

Ba ya tambayar magani, ba ya tambayar abinci, sai ƙudan zuma. Ya dame ni har na je na leƙo masa daga gindin lemo, inda iyakata take tun da muka tare a gidan nan. Na dawo na ce masa babban akwatin nan sun taru a bakinsa sun yi tsiri, suna reto kamar gemu.

Ya ce akwatin ya cika, ba su da wuri, in ba a ɗebe zuma an ba su fili ba za su tashi da sarauniyarsu su bar mana katako. Kuma da wannan akwatin ya fara kiwon. Na ce a kira wani mana. Ya ce wanda ya sani ya yi tafiya.

"To ke fa, Tela?"

Na yi dariya har sai da na riƙe ƙofa. Ni da kyankyaso ke kora daga ɗaki!

Alhamis, 7 ga Mayu

Na ce zan yi. Ba don ƙudan ba. Na kama shi ne tsaye a taga yana auna nisan lambu da ido ɗaya, na kuma san halin mutumina.

Ya sa na ɗauko kayan. Riga mai haɗe da wando, hula mai raga, safar hannu, sai wani gwangwani mai baki kamar buta da ɗan zugazugi a bayansa. A ciki ake kunna wuta, a matsa, hayaƙi ya fito ya kwantar musu da hankali. Totuwar masara yake sawa, amma da na buɗe buhun a sito na tarar rufin ya yi yoyo a kansa, duk ta jiƙe ta yi funfuna. Ya ce a shanya, a jira.

Sai wata dabara ta faɗo mini. Ina da buhu guda na guntayen yadi a ƙarƙashin keken ɗinki, sun rasa mai so. Yadi ai yana ci da wuta.

Asabar, 9 ga Mayu

Da ido ɗaya nake rubutun nan.

Na jira ya kwanta bayan la'asar, na ce bari in ba shi mamaki. Na cusa guntaye a gwangwani, masu sheƙi da marasa sheƙi, na kunna. Hayaƙin ya fito baƙi ƙirin, yana wari kamar an ƙona takalmin roba. Na ce wa kaina ai hayaƙi hayaƙi ne. Na busa musu a bakin akwatin, na ɗaga murfi.

Wayyo! Kukansu ya canja nan take, suka taso mini kamar na zagi uwarsu. Na matsa zugazugi, ba komai, yadin ya narke ya dunƙule ya kashe wutar. Allah ya taimake ni na mayar da murfin kafin na zuba da gudu. Ɗaya ta samu hanya ta ƙasan raga ta sauke mini a fatar ido.

Malam ya tashi ya gan ni. Da farko ya tsorata, ya cire mini ƙayar harbin da farce. Da ya tabbata ba abin asibiti ba ne sai dariya ta kama shi, yana dafe filasta yana cewa in rufa masa asiri, likita bai ce a yi dariya haka ba. Wai yanzu a gidan nan ba a san wa zai zama sarki ba, tunda duka masu ido ɗaiɗai ne. Na so in yi fushi, abin ya ƙi.

Lahadi, 10 ga Mayu

Ido ya kumbura kamar ƙwai. Masu kawo ɗinki na ce musu ƙwaro ne. Ai ban yi ƙarya ba.

Litinin, 11 ga Mayu

Yau na yi fushi na gaske. Na fito daga wanka na tarar da shi a bakin ƙofar baya, hula mai raga a kansa, gwangwani a hannu, yana tafiya a hankali kamar ɓarawon kaza. Wai leƙawa kawai zai yi.

Na karɓe gwangwanin. Na ce masa in zumar duniya za ta tashi ta tashi, ni ba zan yi sauran rayuwata ina jan shi da sanda ba don ya ƙi haƙurin 'yan kwanaki. Ya zauna a kan dakali ya cire hular. Ya ce ba taurin kai ba ne, tun da idonsa ya fara dushewa ƙudan nan kaɗai ne aikin da bai gagare shi ba, in suka tafi bai san me zai tashi ya yi da safe ba.

Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen mako, amma ya yi mini alkawari ba zai wuce dakalin nan ba. Ya yi.

Talata, 12 ga Mayu

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau makaranta aka buɗe. Shi yana cikin ɗaki a bayan gilashin taga a rufe, ni ina tsakar gida, yana koyarwa da hannu kamar mai ba motoci hanya.

Abin da ya ba ni haushi, na san yadin roba tun ina koyon ɗinki. Ka kai bakinsa ga ashana, in ya narke ya yi ƙulli roba ne, in ya ci ya bar toka mai laushi auduga ce. Ni da nake koya wa mata wannan a kasuwa! Na zazzage buhun na ware su ɗaya bayan ɗaya. Audugar ba ta da yawa, duniya duk ta koma sheƙi.

Na je wurin kafinta na roƙi ɓawon katakon da yake karkarewa. Malam ya ce kada in karɓi na katako mai fenti ko mai gam. Kafinta ya cika mini leda, yana ta kallon idona yana danne dariya, ya ce a gaishe da Malam, a kuma gaishe da waɗanda suka yi aikin.

Alhamis, 14 ga Mayu

Ashe kunnawa ba ita ce wahala ba, riƙewa ce. Nakan cika gwangwanin in kunna daga sama, ya yi fuu ya mutu. Ashe daga ƙasa ake farawa: ɗan ƙyalle ya kama sosai a gindi, a zuba ɓawon katako kaɗan kaɗan ana matsawa, sai ya yi garwashi sannan a naɗe auduga tam a danna a kai. In ya yi sako-sako ya cinye da wuri, in ya matse da yawa ya shaƙe. A ƙarshe a ɗora ɗanyar ciyawa don hayaƙin ya yi sanyi, a gwada a bayan hannu. Wanda ya ƙona ni zai ƙona su.

Jarrabawar Malam ita ce in kunna in ajiye, in je in kama bakin zani a keke, in dawo. In na matsa ya amsa, na ci. Na faɗi, na sake faɗi. Da yamma na dawo na matsa, sai ga hayaƙi fari tas, mai kauri, yana tafiya a hankali. Na taka rawa a tsakar gida da gwangwani a hannu, shi kuma yana tafi a bayan gilashi. Allah ya sa maƙwabta ba su leƙo ba.

Asabar, 16 ga Mayu

An yi! An yi!

Bari in rubuta a hankali. Na ɗaure ƙafar wando, na soke ragar ko'ina. Malam na kan dakali, iska na kaɗawa daga wajensa zuwa lambu, sai da na tabbatar. Na busa kaɗan a bakin akwatin, na jira kamar yadda ya ce, sannan na ɗaga. Kukansu bai canja ba. Suka sunkuya cikin saƙa suna harkarsu, kamar ba ni ce ta ranar nan ba.

Na fara ciro saƙar da ta cika ina sawa a bokiti. Nauyi! Ban san zuma na da nauyi haka ba. Amma ni sabuwar hannu ce, na daɗe, ina tsakiyar aiki na ji hayaƙin ya fara zafi yana sirancewa. Abin ciki ya kusa ƙarewa, ledar guntayen kuma na baro ta a gindin keke. Akwati a buɗe, kukan ya fara tashi. Na waiga, sai na ga Malam ya miƙe tsaye.

"Malam, alkawari!"

Ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa. Na duba jikina. Bokitin na rufe shi da tsohon zanina na auduga, wanda na fi so, da shi nake kwana in ana zafi. Na kama bakinsa na yage, na naɗe, na danna a kan garwashin, na tsinko ciyawa na ɗora. Na matsa a hankali, ina ce wa gwangwanin don Allah, don Allah. Ya amsa.

Na gama, na rufe, na dawo da bokiti ina haki. Ko harbi ɗaya babu. Malam ya lakaci zumar da yatsa, ya kai bakina kafin nasa. Tsofai da mu!

Lahadi, 17 ga Mayu

Gemun ƙudan da ke bakin akwatin ya watse. Suna shiga suna fita. Malam ya ci abinci har da ƙari.

Laraba, 20 ga Mayu

Na je duba su da safe. Ba wanda ya aike ni, wucewa na zo yi. Ko da yake ba inda ake zuwa ta ƙarshen lambu.

Juma'a, 29 ga Mayu

Likita ya ce ido ya yi kyau, ya sake shi. A hanya yana ta karanta allunan shaguna da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya, har mai mota ya fara taya shi.

Da yamma muka je babban akwatin tare. Na kunna, ya buɗe. Ya ɗago saƙa ɗaya ya juya ta wajen haske, sai ya daɗe bai motsa ba. Na ce lafiya? Ya ce ƙwai. Ƙananan ƙwan sarauniya, farare, a gindin ramukan. Ya ce ya yi shekaru bai gan su ba, da nauyi da kunne yake aikin, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ga ta nan ma da kanta, doguwa, tana ratsa 'ya'yanta. Ya nuna mini ita da yatsa.

Na ga hawaye a cikin ragarsa. Na ce ko hayaƙin ne ya shiga?

"A'a, Tela. Hayaƙinki ba ya sa hawaye."

Ni ma sai nawa suka zubo, ga safar hannu, ga raga, ba halin sharewa. Haka muka tsaya muna dariya.

Lahadi, 31 ga Mayu

Ya warke, aikina ya ƙare, kowa ya koma sana'arsa. Haka na faɗa masa.

Ɗazu ya ɗauki gwangwanin zai kunna, na ga yadda yake cusa totuwa ba tsari. Na ce kawo nan, kada ka ɓata musu rai. Ya miƙo ba musu, har da wani murmushi da ban tanka masa ba. Na riƙe masa ne kawai. Mutum mai sabon ido, ai bai kamata a bar shi da hayaƙi shi kaɗai ba, ko da likita ya yarda.

Hular tasa ta yi mini yawa. Na yanka wata daidai kaina.