Facin Cikin Baba

Yaya Usmanu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Ya Hauwa da yara, ya zafin Jidda? Mu nan Gadarif lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ƙabar nan da Baba yake ɗaurewa da rawani ta tashi ranar da ya cicciɓi buhun riɗi a garin Simsim. Kumburin ya ƙi komawa, muka kwashe shi sai asibiti. Likita ya ce in ba a yi amaliyya, wato tiyata, ba hanji zai shaƙe. Baba ya ce shekara arba'in yana ɗinkin buhu, wanda bai taɓa riƙe basilla ba ba zai taɓa masa ciki ba.

Likitan ya ce, "Hajji, in buhu ya yage, bakin kawai kake haɗewa?"

"A'a, faci ake sa masa ta ciki."

"To, ni ma raga zan shimfiɗa maka ta ciki."

Nan take Baba ya kwanta.

Da ya farfaɗo ya daɗe yana duban ɗinkin, sannan ya ce yaron nan likita yana da hannu, in kaka ta yi zai ɗauke shi aiki.

Ka sa shi a addu'a, don an hana shi ɗaukar nauyi, amma tun jiya yake satar kallon buhunan. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Zainabu