Igiyar Gugan Baba

Yaya Hadiza,

Ina gaisuwa. Yaya maigidan da yara? Mu nan Zinder lafiya lau.

Ni da Kawu Ilu mun ziyarci kabarin Baba. Kwana shida muna tafiya a ƙasa cikin dajin bayan Tanut, har rijiyar da aka binne shi kusa da ita. Na zura gugansa, igiyar da ya tufka da hannunsa ba ta kai ruwa ba. Kawu ya ce, "Ruwan ya ja baya. Ƙulla rawaninka." Na ƙulla, na jawo, na yayyafa wa kabarin. A nan kuka ya ƙwace mini.

Ki sa Baba a addu'a, ki gai da kowa. Har yau ban kwance rawanin ba.

Ƙaninki,
Musa