Burtalin Jakuna Ya Kai Mu

Daren Laraba, cikin damina.

Alhamdu lillahi, na iske yayata Hajara da ranta. Da hantsi aka ce jikinta ya tsananta, ga ruwa ya cinye hanyar ƙauyensu a bayan Baure. Ɗana Sani ya ce babur ɗinsa ba zai wuce ba. Ni da na rantse ba zan hau abin nan ba, na ce, "Tayar, na san hanya."

Muka bi tsohon burtalin da nake kora jakuna a da, ina zungurarsa duk inda za mu karkata. Ya ce, "Baba, ni fa ba jaki ba ne!"

Da muka isa, Hajara ta gane ni. Na nemi gafararta kan rigimar gonar gado. Ta ce, "Sai yau, mai taurin kai?" Sannan ta yafe.