Salak ɗin da Baba Ya Roƙa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya fama da zafi? Na san dajin da kuke gina gada waya ba ta shiga, shi ya sa na ba direban da ke kai muku kayan abinci wannan takarda. Ya yi mini alkawarin hannu da hannu zai ba ka.

Yaya, jikin Baba ba daɗi. Da a waya ne da na ce maka "da sauƙi" yadda aka saba, amma a takarda na kasa. Wankin ƙodar nan ya fara fin ƙarfinsa. Jijiyoyin hannunsa sun gaji, yanzu ta wuya suke sa masa robar injin wankin. In mun dawo daga asibiti, ni da maƙwabcinmu tela muke tallabarsa mu hau bene da shi, daga nan kuma sai ya yini kwance a galabaice. Ƙafafunsa sun kumbura, ko silifas ba ya shiga.

Ƙishirwa ta fi komai damunsa. Ruwan da likita ya yarje masa a yini ko maƙoshi ba ya jiƙawa, ga zafi, fanka kuma sai dai ta juya mana iskar murhu. Ƙanƙara nake fasa masa yana tsotsa kamar yaro da alewa. Abinci kuwa farar shinkafa ba gishiri, sai kabejin da aka tafasa aka zubar da ruwan har ya koma kamar tsumma. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kuku a otal! Jiya ya kalli farantin ya ce, "Auta, da yaron kicin ne ya kawo mini wannan, da yau ya kwana ba shi da aiki."

Ga abin da ya sa na rubuto. Ya kafe sai na haɗa masa salak irin wanda yake yi mana muna yara in zafi ya tsananta: latas da kokwamba, mangwaro, kankana, fiya, da ruwan haɗin nan nasa na lemun tsami da zuma. Na tambayi likita, ya ce kul. Ya ce ɗanyen ganye da kayan marmari suna da wani sinadari da ƙodar Baba ba ta iya fitarwa, in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya. Da na faɗa wa Baba sai ya ce, "Ita zuciyar ni na ce mata ta ci gaba?"

Kullum da rana in mai kankana ya wuce ƙarƙashin tagarmu yana talla, sai in ga Baba ya lumshe ido yana haɗiyar yawu. Ni kuma in shige banɗaki in yi kukana in wanke fuska. Ka faɗa mini yadda zan yi, kai ne babba.

Ka huta lafiya. Allah ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ki gaishe da Baba da jiki, ki kuma yi wa tela godiya a madadina.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Kada ki ba shi. Ko yanka ɗaya ban yarda ba. Likita ya ce kul, to kul ɗin ne. Kin san halin Baba, in yana son abu sai ya sa mutum ya ji kamar shi ne azzalumin duniya. Haka ya yi wa Mama a kan sigari har ta gaji ta zuba masa ido. Ke kuma tun kina ƙarama ba a yi miki kuka sau biyu. In mai kankana zai wuce, ki rufe taga.

Kada ki ɗauka ina nan ina hutawa ne. Ina kan katafila tun fitowar rana har faɗuwarta, ƙarfen kujerar ma ƙona mutum yake yi. Shugaban aiki ya ce ba mai motsawa sai an zuba ƙafar gada kafin ruwa ya sauko, wanda kuma ya tafi ya tafi ke nan. Kin san da sunan aikin nan asibiti ke karɓar Baba. In na bar shi, injin wankin ƙodar ma mun rasa.

Lokacin da Mama ta cika ina hanya, ban same ta ba. Ba zan iya ɗaukar wannan sau biyu ba. Na san ke kike shan wahalar, ban manta ba. Amma ki riƙe mini shi, Auta. Iyakar abin da na roƙe ki ke nan.

Sai na ji daga gare ki.

Yayanki

*

Zuwa ga ɗana Mai Katafila,

Ubanka ke magana, Auta ke rubutu. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in ta gyara ko kalma ɗaya ni da ita ne.

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da aiki. Allah ya yi maka albarka, ya raba ka da sharrin ƙarfe.

An karanta mini takardarka. Wai a riƙe maka ni. Akuya ce ni da za a ɗaure a turke sai ka dawo daga kasuwa?

Ka saurara da kyau. Na faɗa wa likita na gama da injinsa. Ba fushi na yi ba, kuma hankalina ɗaya. Zuwana na ƙarshe, mutumin gadon kusa da ni, wanda muke gardamar ƙwallo da shi, aka ja masa labule. Ina kwance ina jin yadda suke danna masa ƙirji, sun yi ta yi har suka gaji. Matarsa tana waje, ba a ko bari ta shigo ba. Ni ba na son haka. A kan gadona nake so, tagata a buɗe.

Na ciyar da mutanen da ban san sunansu ba har gashina ya yi fari, ban taɓa mayar da mai jin yunwa ba faranti ba. Yau 'ya'yan cikina sun haɗa kai sun hana ni ganye. Ganye fa, abin da ake watsa wa zomo.

In ka samu dama ka zo, ina son ganinka. In ba ka samu ba, na yafe maka duniya da lahira, ni ma ka yafe mini. Amma kada ka ɗora wa yarinyar nan kayan da ba nata ba. Ita ke wanke ni, ita ke juya ni, ita ke kwashe abin da ba a faɗa. Ya ishe ta.

Ka zauna lafiya.

Ubanka

Yaya, na rubuta yadda ya ce. Har durƙusawa na yi ya koma asibiti, ya juya mini baya. Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. A gurguje nake rubutu, direba ya riga ya tada mota.

Na kai wa shugaban aiki takardar Baba ya karanta da idonsa. Ya sake ni, ƙarshen mako mai zuwa zan taso. Ki faɗa wa Baba ina tafe. Ki lallaɓa shi ya koma wankin ko sau ɗaya ne, don ya kai. In na zo, wallahi da hannuna zan yanka masa mangwaron, mu zauna mu uku mu ci, kome zai faru ya faru ina wurin. Ke dai ki jira ni.

Sai na iso.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma yi mana ta'aziyya. Baba ya rasu shekaranjiya da la'asar. Takardarka yau ta iso, direba na zaune a ƙasa wurin tela yana jiran wannan.

Zan faɗa maka komai yadda ya faru, don kada ka ji a bakin wani.

Bayan ya daina zuwa asibiti jikinsa ya ƙara nauyi, numfashi sai an jingina shi da filo. Ya daina cin shinkafar gaba ɗaya. Bai kuma sake roƙona salak ɗin ba, shirun nan ne ma ya fi karya ni. Da safiyar Litinin ina goge masa jiki na ga leɓensa ya tsattsage har da jini. Ya kalle ni ya ce, "Ba komai, Auta, na haƙura." Na ajiye tsumman, na ɗauki jakar cefane na fita.

Da na dawo ya ji ƙanshin mangwaro tun daga matakala. Ya ce kada in kuskura in yi a kicin, in jawo tebur gaban gadonsa, don bai yarda da hannuna ba. Yaya, da ka gan shi! Mutumin da ya yi kwanaki ba ya iya ɗaga kai, sai ga shi yana ba da oda kamar yana otal.

"Wa ya ce ki sa wa latas wuƙa? Da hannu ake yagarsa. Ki wanke sau uku, ki shanya a kan tawul. Ganye in da ruwa a jikinsa mai ba ya kama shi."

Na fere kokwamba, ya ce na yi kauri, in sake. Kankana ya sa na cire 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya da bakin cokali. Mangwaron da kansa ya latsa ya zaɓi wanda bai yi lugub ba. Fiya kuwa ya ce sai a ƙarshe, kada ta yi baƙi tana jiranmu.

Ruwan haɗin ya ce wannan nasa ne. Na kawo kwalba mai murfi, na matse lemun tsami, na zuba man zaitun yana kallo har ya ɗaga yatsa, sai zuma cokali ɗaya, gishiri, masoro, da ganyen na'a-na'a da ya murje a tafinsa. Ya karɓi kwalbar zai girgiza, hannun ya ƙi. Ya sake gwadawa ta kusa suɓucewa. Sai na ɗora hannuna a kan nasa muka girgiza tare, har ruwan ya yi kauri ya zama ruwan ɗorawa. Ya dangwala da yatsa ya lasa. Ya ce, "Ƙara gishiri kaɗan. Wa kike wa tsoro kuma?"

Ya sa na kira tela ya hau, wai kuku ba ya ci shi kaɗai. A hankali ya ci, idonsa rufe, ruwan kankana na bin gemunsa, ya hana ni gogewa. Bai ci rabin farantin ba ya ture mini ya ce in cinye. Na ci, amma ban san ɗanɗanonsa ba. Ya jingina ya ce, "Alhamdu lillahi, yau na ci abinci." Ya tambayi tela ko har yanzu yana yanka wa mutane wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, suka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ranar ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba.

Washegari ya ce leɓensa na masa zugi, ƙafafunsa kamar ba nasa ba. Na ce mu tafi asibiti, ya riƙe mini hannu gam ya girgiza kai. Kwana ɗaya bayan nan, da la'asar, ina zaune ina masa fifita, ya ambaci sunanka ya ce ko ruwa ya sauko a wajenku. Na ce ban sani ba. Ya yi salati. Na ɗauka barci ya koma.

Jiya na je na tare likita a bakin ofishinsa, na faɗa masa abin da na yi. Na ce ya gaya mini gaskiya, ni ce? Ya ce wanda ya daina wankin ƙoda dama kwanakinsa ƙidayayyu ne. Na ce ba wannan na tambaya ba, da ban ba shi ba, zai ƙara mako? Ya ce ba zai iya ce mini e ba, ba zai iya ce mini a'a ba.

Da na karanta takardarka yau sai da na zauna a kan matakala. Ban san kana tafe ba, Yaya. Na tambayi kaina, da na sani zan jira? Ina so in ce maka e. Amma kai ba ka ga leɓen nan ba.

Ban rubuto don ka ce na yi daidai ba. Ka roƙe ni abu ɗaya, ban yi maka ba. Duk abin da ka ga dama ka faɗa mini, zan ɗauka.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da Mama a wuri mai sanyi.

Na mayar wa shugaban aiki hutunsa. Ba zan iya hawa benen nan yanzu ba. In an gama gada zan zo.

Kin ce in faɗi abin da na ga dama. Na ɗauki biro sau da yawa ina ajiyewa. Wani lokacin in ji kamar ba zan iya kallonki ba, wani lokacin in ji ni ne ba zan iya bari ki kalle ni ba. Ki ba ni lokaci.

Direba ya ce da kika sauko ba shi takarda, da ƙyar ya gane ki. Ki ci abinci, Auta. Ni da ke kaɗai muka rage.

Yayanki