Tayar Damina

Zuwa ga Maigida,

Bayan sallama da gaisuwa. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Ko da kana raye ma ba za ka iya karanta ta ba, don kai ajami kaɗai ka sani, ni kuwa boko aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci bayan rasuwarka. Ka yi haƙuri da karkatattun baƙaƙe.

Gida lafiya. Ruwa ya sauka sosai bana, gero ya yi kai, katangar bayan ɗakinka ta zube. Ba wanga ya sa na ɗauki fensir ba. Zancen yaron nan ne, ɗanmu na fari. Ka ga ko a takarda na kasa rubuta sunansa.

Ya sauko da kekenka daga rataye. Samarin garinmu Isa sun shirya tsere yau zuwa Kamarawa, ta cikin fadama, shi ma ya shiga. Ka san hanyar nan da damina. Laka ce mai riƙe ƙafar jaki, ga gangaren nan da ke zubewa cikin gulbi.

Ka tuna tayoyin Faransa da ka sawo a Maraɗi, waɗanda aka ɗinke tif a cikinsu, ake manna su da gam? Iri biyu ka bari, masu santsi da masu haƙora. Masu santsin ya zaɓa, wai sun fi gudu. Ina daka na hange shi yana goge su. Shekara nawa ina kallonka, hadari na farko yana tasowa kake cire masu santsi ka ajiye sai kaka.

To yaya za ni gaya masa? Tun da na haife shi ban taɓa kallon idonsa na yi masa doguwar magana ba. Kai ne bakina a wurinsa. Na aika wa ƙanenka ya faɗa masa, sai ƙanen naka ya ce a gaya mini keke ba tukunya ba ce.

Shekaranjiya da na kai masa tuwo, sai na ɗora masu haƙoran bisa faifan da na rufe kwanon, na juya na fita. Jiya da hantsi na ji warin gam ya cika zaure.

Ya manna masu haƙoran, amma ya buga musu iska sun yi tauri kamar tabarya. Kai a laka ragewa kake yi, ka danna da babban yatsa har tayar ta ɗan lotsa. Ɗazu da ya tafi masallaci sallar azahar, na durƙusa gaban keken, na saki iska kaɗan gaba da baya. Na danna, na sake dannawa. Maigida, har ina yatsanka yake shiga? Kullum ina kallo, ban taɓa tambaya ba. In na rage da yawa fa, tayar ta saɓule masa a gangare? Gam ɗin ma ya gama bushewa kuwa?

Da zai fita na ga ya danna tayar baya. Ya tsaya jim, ya dubi ƙofar ɗakina. Bai ɗauki famfo ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk faɗan da nake yi kan keken nan, ƙararrawarsa nake jira kowace yamma, tun daga bakin marina nake gane ta. Yanzu la'asar ta wuce, gidan shiru, na bar ƙofar zaure a buɗe. Ita nake saurare.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta.

Ni ce,
uwar ɗanka.